Shanyar Gero a Kan Kwalta

Ɗanliti ya gyara zaman hularsa a gaban alƙali kamar wanda ya zo ɗaurin aure. Ƙanwarsa Luba kuwa tun safe take sharɓar kuka a bencin baya, don an gaya mata duk direban da ya karya mutum gidan yari za shi. Ga shekara ta yi tsanani, kuma in aka rufe shi babu mai ciyar da gidansu. Shi gogan ko a jikinsa.

Laifin ba ɓoyayye ba ne. Ranar kasuwar Bici ya ɗauko gyaɗa daga Shanono a akori-kurarsa, sai ya tarar da shanyar gero a kan kwalta, yadda mutanen ƙauye suka saba. Ya kauce wa shanyar, ya kwashi wani dattijo, Malam Mika'ilu, da kekensa. Ƙafar dattijon ta karye.

"Me ya hana ka bi ta kan shanyar?" in ji alƙali.

"Ranka ya daɗe, a bana? Taya ta taka abinci ina kallo? Wallahi hannuna ne ya juya kafin in yi tunani."

"Da ba gudu kake ba, ai birki ya ishe ka."

Ɗanliti ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne."

Alƙali ya auna abin a fili. Yaron nan bai tsere ba, shi ya kai dattijon asibiti, kuma bai taɓa taka kotu ba. Amma gudu dai ya yi shi. Sai ya dubi Malam Mika'ilu, wanda ke zaune da sanduna biyu.

"Malam, me kake nema?"

"Na yafe masa, duniya da lahira."

"Ƙafarka ka yafe. Titi kuwa ba naka ba ne kai kaɗai."

Luba ta ɗora hannu a ka. Amma hukuncin bai kai gidan yari ba. An hana Ɗanliti tuƙi har kaka ta wuce, kuma tunda shi ya kwantar da mai gona, shi zai girbe masa dawa. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, don kaka ce damar direba. Duk da haka a gida zai kwana, Luba ma har ta fara dariya da hawaye a fuska.

A bakin ƙofa Ɗanliti ya tari dattijon.

"Baba, ban ko roƙe ka ba ka yafe."

Malam Mika'ilu ya gyara riƙon sanda. "Geron nan na gidana ne, matata Furera ta shanya. Da ka bi ta kansa da ƙafata na nan lafiya, amma da ba mu da tuwo har dawa ta iso."

Ɗanliti ya sa kafaɗa ya tallafe shi zuwa bakin hanya.

"Gobe da sassafe ina gonarka, Baba. Ka ce Inna ta ajiye min magirbi."