Wadda Ba Ta Shan Mai

Tun da ƙasa ta girgiza ta kwantar da ƙauyensu da ke kan dutse, mahaifiyar Idder take kwana a tanti. Da ƙanƙara ta fara sauka sai tari ya kama ta, irin wanda in ya kira ta a waya ba ya jin maganarta, sai kukan ƙirji. Ya yi roƙon duniya ta sauko Agadir, inda yake aikin gasa burodi, ta ce mijinta da 'yarta suna kwance a kabari a can sama, ita ba ta ga wurin zuwa ba. Malamar asibitin da ke zagaya ƙauyuka ba ta ɓoye masa ba: in tsohuwa ta ƙara wata cikin wannan sanyi, sai dai haƙuri.

Shi ya sa ya sayar da babur ɗinsa, matarsa ta zare awarwaron aurenta ta miƙa masa, ya nufi filin tsofaffin motoci na Ait Mellul neman mota mai ɗaki a ciki, irin wadda tsofaffin Turawa ke zuwa shan rana da ita bakin teku.

Guda biyu ya tarar a hannun wani dillali mai suna Bushaib. Kowacce da gado, da murhun girki, da na'urar ɗumama ɗaki mai jan dizal daga tankin motar.

"Wannan farar, injinta bai cika lita biyu ba," in ji Bushaib, yana dukan bonet. "Lasar mai take kamar mage. Lita takwas, kilomita ɗari. Waccan mai ruwan ƙasa kuwa kusan lita uku ce. Giwa ce, amma cikinta rijiya. Ba ta yarda da ƙasa da sha uku."

Idder ya zagaya su har ƙafarsa ta gaji. Bai san inji ba, tanda ya sani. Abin da ya gane shi ne, in ya ɗauki babbar, ba abin da zai rage masa na zuba mata mai, ga shi duk lokacin da ciwo ya tashi sai an sauko da tsohuwa asibitin Tarudant.

"Farar nake so."

"Ina za ka da ita, Si Idder?"

"Sama da mashigin dutsen Tizi n Test. Inda kwalta ta ƙare, sai a hau hanyar da katafila ta yanka."

Bushaib ya ajiye kofin shayinsa. "Ɗan'uwana, ni dillali ne, ƙarya sana'ata ce, amma yau na ba ta hutu. Farar nan an yi ta ne don tsoho ya tuƙa matarsa kallon teku. Gida guda ke bayanta. Ba za ta hau ba."

"Babbar kuma in na hau da ita, me zan zuba mata? Miyar harira?"

"To, ka je ka ƙaro wani abu ka dawo."

"Ya Si Bushaib, uwata ba ta da lokacin da zan je in dawo."

Dillalin ya dube shi, ya kau da kai. Ya sa aka cika masa tanki daga aljihunsa, ya ce ya riƙe giya ta biyu, kada ya ɗauke ido daga allurar zafi.

Har garin Ulad Berhil farar tana tafiya kamar amarya, allurar mai ko motsi ba ta yi ba. Idder har ya fara yi wa Bushaib dariya a ransa. Da aka shiga kwane-kwanen dutse sai ta fara nishi, amma ta jure. A hanyar katafila ne ta nuna halinta. Tayoyin gaba suka riƙa tona tsakuwa, wari kamar na burodin da ya ƙone ya cika masa hanci, allura ta jingina da ja.

Ya tsaya ya zubar da ruwan tankin wanka. Ya ciro tebur, ya ɓalle kabad, ya jera su a bakin hanya. Ta ɗan ƙara gaba, ta sake cijewa. Sai ya tuna ya taɓa ganin mai lodin siminti ya hau tudu da baya. Ya juya ta da ƙyar, rami na hamma a gefensa, ya sa ribas, ya taka yana kiran sunan Allah. Ta hau. Ta sha kwana ɗaya, ta sha ta biyu. Har ya hango shuɗin tantunan ƙauye a madubi, sai wani abu ya ce ƙwas a cikin inji, farin hayaƙi ya turnuƙe, komai ya yi tsit.

Ya murɗa makulli har yatsunsa suka yi ciwo. Daga nan ya kifa goshi a kan sitiyari.

Mutanen ƙauye suka gangaro, kawunsa Dadda Bihi a gaba, da alfadarai da igiya. Aka ja, aka tura, takalma suna zamewa a ƙanƙara. Ko tsawon tabarma ba ta matsa ba.

"Ɗan ƙanwata," in ji Dadda Bihi yana haki, "mota ka sayo ko kabarin waliyyi? Wannan sai dai a riƙa kawo mata ziyara."

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Aka gangaro da ita gindin wata bishiyar gyaɗar dutse inda ƙasa ta ɗan kwanta, aka danne tayoyin da duwatsu. Idder ya shiga, ya danna na'urar ɗumi. Ta yi ƙas-ƙas, ta yi shiru, can sai iska mai ɗumi ta taɓa masa ƙafa.

Kafin la'asar aka sauko da mahaifiyarsa, Lalla Ijja, a kan alfadari, naɗe cikin bargo. Bai san ta rame haka ba sai da ya ɗauke ta, kamar ya ɗauki tiren burodi. Ya kwantar da ita, ta daɗe tana tari kafin ta iya magana.

"Nan ba ƙauye ba ne."

"Inna, ga shi can, ta taga kina ganinsa."

Ta leƙa. Sai ta ce a je tantuna a kira mata Rkiya mai jego da jaririnta, da tsohuwa Tlaitmas, ai gadon ya ishe su.

Bakaniken da Idder ya kira a waya ya saurari bayani, ya ce injin ya gama aiki, kuma tunda ba ya tashi, batir ba zai kai jibi ba, ɗumin ma zai ɗauke. Dadda Bihi ya ce akwai faifan hasken rana mai cajin batir a tantin makaranta, zai je ya roƙi malam, in ya hana ya sato.

Idder bai jira ya ga yadda za su ƙare ba, don mai gidan burodi ya ce in bai dawo gobe ba ya nemi wani aiki. Ya sumbaci kan mahaifiyarsa, ya ja ƙofa ya rufe da kyau, ya kama gangara a ƙafa, yana kasa kunne ko zai ji motar da za ta rage masa hanya.