Ayarin da Ya Ƙi Bin Ƙofa

"Ga su nan, sun sake juyawa!" Abdulsamad ya bugi teburin da tafin hannu har kwamfutar ta girgiza.

Salim, mai shagon, bai ɗago daga janaretan da yake zuba wa mai a bakin ƙofa ba. "A hankali, Samadu. Ita kaɗai ce take tashi a shagon nan."

Wani abokin Salim ne ɗan makaranta a Kano ya zuba masa wani gem, wato wasan kwamfuta, bara. Babu hoto a cikinsa, sai baƙaƙe da ɗigo-ɗigo masu launi, amma wanda ya saba yana ganin komai: kogi, itatuwa, dutse, da wadanni, gajerun mutanen da mai wasa yake umarta su haƙa gari a cikin dutsen. Samarin Kura da yawa sun gwada, sun yi tsaki sun tashi. Abdulsamad, wanda ya bar makaranta, ya kasa zama a wajen walda, ya kasa zama a wajen faci, shi ne ya zauna.

Duk shekarar cikin gem, fatake kan zo da amalanke cike da abinci da iri. Na Abdulsamad suna zuwa, amma ba sa isowa. Sukan ɓullo daga gabas, dab da ƙofar garinsa, ga hanya miƙaƙƙa da ya share musu, ya sare duk wata bishiya, ya kwashe duk wani dutse. Sai su yi kamar ba su gan ta ba. Su juya, su bi gefen kogi, su hau bayan dutse, su zagaye duniyar gem ɗin kaf. Kafin su iso lokacinsu ya ƙare, sai su koma da kayansu a ɗaure. A shekarar gem da ta wuce, yunwa ta sa wadanninsa sun ci karnukansu.

"Mahaukata ne wallahi," in ji shi. "Ga ƙofa a gaban hancinka."

"Wataƙila akwai abin da suke gani da ba ka gani."

"Me? Na duba ko'ina."

"To je ka tambayi madugunsu." Salim ya goge hannu a wando. "Wayarka ce ke kuka tun ɗazu, ko tawa?"

Abdulsamad ya laluba aljihu, ya ciro wayar. Direba ne.

Tun jiya aka tsinke tumatirin mahaifinsa, Malam Iliyasu, na gonar gaba ɗaya, aikin rani guda. Yana can a kwanduna a bakin kanal an rufe da ganye, ya nuna jajir, ba zai jure wata rana ba. Dillalin 'yan gwari ya samo musu gurbi a wata babbar mota da za ta tashi kudu kafin la'asar. Aikin Abdulsamad ɗaya ne, tunda shi ke da waya: ya tari motar a bakin titi da hantsi, ya shigo da ita gona. "Ta hanyar Bunkure za ka zagayo da shi," Malam Iliyasu ya ce masa da safe. "Ka ji ko?" Ya ce ya ji. Ya biyo ta shagon ne don ya duba fataken kawai.

Yanzu ana shirin kiran azahar.

Ya tarar da direban a gindin darbejiya a bakin titi, ya cire hula yana fifita da ita. Wani ƙaton mutum ne mai suna Maharazu, ba ɗan yankin ba ne.

"Kai ne ɗan mai tumatirin? Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Da ka bari na kwana a nan."

"Yi haƙuri, Oga, babur ne ya..."

"Bar ni da babur. Ina hanyar? Dillali ya ce a zagaya ta burji."

Abdulsamad ya dubi rana. Zagayen yana da nisa, sai an nufi Bunkure, an tsallake gadar babban kanal, sannan a dawo baya. Ga gonar can kuwa, daga nan ma ana hango giginyar da ke gefenta, kuma akwai hanyar da ta ratsa gonaki ta miƙe har can. Da safen nan ya biyo ta da babur.

"Akwai ta kusa," ya ce.

"Za ta ɗauki motar nan?"

"Tarakta ma tana bi."

Maharazu ya ƙare masa kallo. "Samari, kayan mutane ne a bayana. Ka tabbata?"

"A nan aka haife ni, Oga. Me za mu je yi Bunkure, ga gona muna kallo?"

Ya shige gaba da babur, motar tana biye tana gurnani, ganyen masara yana shafar gefenta. Hanyar a bushe take, ta yi tauri. Giginyar tana ta matsowa. Har ya fara jin muryoyin mata masu tsinka da ke jiran a yi lodi.

Bai ji komai a ƙarƙashin tayarsa ba. Sai da ya wuce ya ji wata ƙara a baya kamar an karya ƙofa. Ya waiga. Ƙafar motar ta gaba ta nutse har bamba, ruwan laka yana ɓulɓulowa ta gefe.

Al'adar wurin ce, wanda ranar ban-ruwansa ta zo yakan yanka hanya ya tsallakar da ruwa zuwa fangalinsa, ya shimfiɗa kara a kai, ya rufe da ƙasa don masu babur da jakuna su wuce. Kowa a gonakin ya san ranar wa ce. Abdulsamad ya daɗe bai riƙe fartanya ba.

Kawu Sada, maƙwabcin gonarsu, ya taho da gudu da shebur a kafaɗa, wandonsa a naɗe.

"Innalillahi! Wane ne ya biyo da mota nan yau? Samadu, kai? Ba ka san yau ranata ba ce?"

Maharazu ya diro ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya daɗe. Da ya miƙe bai yi ihu ba. "A nan aka haife shi," ya ce wa Kawu Sada.

Aka taru. Aka haƙa, aka cusa duwatsu da itace, aka tura da kabbara. Tayar ta yi ta juyawa tana watsa wa mutane laka, tana ƙara zurfi. Ruwan Kawu Sada ya ɓalle ya bi hanya. Sai bayan la'asar aka samo tarakta, ita ma ta baya kawai ta iya janyo motar, ta fito da ita ta inda ta shigo.

Abdulsamad ya kama ƙofar direban. "Oga, don Allah, yanzu mu zagaya. Ba nisa sosai."

"Ɗazu da nisa, yanzu babu?" Maharazu ya tayar da mota. "Kayan da ke bayana ma sun sha rana. Akwai masu kwanduna a bakin titi suna jira, zan cike da nasu. Ka gai da babanka."

Abdulsamad ya ƙarasa gonar a ƙafa, yana tura babur. Malam Iliyasu yana tsugune a gaban kwando ɗaya, ya yaye ganyen. Ya ɗauki tumatir ya danna da babban yatsa, yatsan ya shige. Ƙasan kwandon ya jiƙe, ƙudaje sun fara sauka.

"Baba, hanyar ce..."

"Na ga hanyar. Daga nan ana hango ta."

"Gobe zan je bakin titi tun da sassafe, ko za a samu wata."

"Wa zai ɗauki wannan gobe?" Ya jefar da tumatirin. Ya juya ga 'yarsa da ke tsaye tare da mata masu tsinka. "Zuliha, kin kawo?"

Ta kwance ɗan ƙullin zane. Wuƙaƙen gida ne, har da ƙaramar da Ummansu take yanka albasa da ita. Tun motar tana cikin laka ya aike ta. Kauɗa za a yi, a yanka a shanya a ƙasa, in ta bushe a sayar yadda aka saya. Abin da za ta kawo ba zai kai na takin da aka zuba ba, kuma duk wanda ke wurin ya sani.

Malam Iliyasu ya zaɓi wuƙa ɗaya, ya gwada kaifinta a farce, ya miƙa wa Abdulsamad ta ƙota.

"Biyu za ka raba shi. Cikin ya kalli sama."

Abdulsamad ya dubi kwandunan, jere suke tun daga giginya har bakin kanal.

"Duka, Baba?"

"Duka."

Ya zauna a ƙasa, ya jawo na farko tsakanin ƙafafunsa.