Rumbuna a Kutemeshi

Shekarar da fataken Nufe suka yada zango a Kutemeshi na sayar da hatsina na sayi riga. Riga ce ta gani ta faɗa, shuɗiya mai aiki har gindi, kuma rabin dawar da na noma ta tafi a kanta. Sauran muka ci. Kafin ruwan farko ya sauka, babu komai a rumbuna sai ƙaiƙayi da kashin ɓera.

Ba wanda ya sani. A garinmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta, maƙwabci ma ba ya tambaya. Kowace safiya sai in hau tsani da kwando, in ɗan jima a sama, in sauko da abin da na samo jiya a ɓoye wurin ƙanena. Matata Saude ta karɓa ta kai turmi.

Sai iskar ruwan farko ta yaye jinkar rumbun, ta bar ta a karkace. Gyaran jinka aikin mutum uku ne, biyu a sama, ɗaya riƙe da tsani. Ni kuwa wa zan kira ya hau ya ga abin da ke ciki?

"Maigida, gara ta ci ƙafar tsanin nan, ƙasa kuma a jiƙe take," in ji Saude. "Bari a kira Mu'azu ya riƙe maka."

Mu'azu maƙwabcina ne, mutumin da ko a gaban hakimi ba ya tauna magana. Garin nan kaf an san bai taɓa ƙarya ba, shi ya sa ake kiransa shaida in rigimar gona ta tashi. Shi ne mutum na ƙarshe da nake so ya leƙa rumbuna.

Na daka mata tsawa, na jingina tsanin gorar na hau. Ina mataki na shida, hannu biyu a kan jinka, ƙafar tsanin ta hagu ta nutse cikin laka ta karye. Na faɗo a kan turmi, na ji ƙashin cinyata ya yi ƙara kamar an karya kara.

Kafin Yero maɗori ya iso daga rugarsu ta bakin daji, gidana ya cika. Yana jan ƙafar yana ɗaure ta da karare, ni kuwa idona na kan rumbu. Hadari ya sake haɗowa, sai wani dattijo ya ce a rufe hatsin bawan Allah kada ya jiƙe. Mu'azu ya kawo nasa tsanin, ya gwada kowane mataki da ƙafa, ya sa mutum biyu suka riƙe, ya hau.

Ya leƙa ciki. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya dawar?" dattijon ya tambaya daga ƙasa.

"Tana nan lafiya," in ji Mu'azu. "Za ta kai su kaka. Ku miƙo mini igiya, ni kaɗai na isa."

Na rufe fuskata da hannun riga, mutane suka ɗauka zafin ɗori ne. Wallahi karayar ba ta yi mini ciwon da maganar nan ta yi ba. Mutumin da ya tsufa bai yi ƙarya ba, yau ya yi ta a gaban jama'a saboda ni da rigata.

Da aka watse, Saude ta kawo mini kunu ta zauna a bakin tabarma. Na buɗe baki zan gaya mata gaskiya, ta riga ni.

"Sha kununka. Tun watan jiya na sani. Dawar da kake saukowa da ita ja ce, mu kuwa fara muka shuka."