Asabar Goma Sha Ɗaya da Katina

A babban kantin da nake aiki a garin Yauco muna da wata al'ada da kowa ya sani amma ba mai faɗa. Idan uzuri ya taso miki ranar aiki, sai ki ba wata katinki ta buga a na'urar shiga, ta tsaya miki, ku sasanta tsakaninku. Manaja ba ya yarda masu rabin lokaci su wuce awoyin da aka yanka musu, amma muddin akwai mutum a teburin biya, ba ya duba fuska.

Nilsa ce mai tsaya mini. Ita rabin lokaci take yi, ni kuwa shekarata goma sha tara a cikakken aiki. Ni na riƙe 'yarta ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna comay, wato 'yar uwa ta baftisma. Asabar goma sha ɗaya ta yi da katina, ina can bakin teku a Guánica ina soya alcapurria, wani soye mai nama a ciki, a rumfar mijina.

Ana haka ɓarin jikin mahaifinta, Don Efraín, ya shanye. Ba mai jinya sai ita, don 'yan uwanta duk suna can nesa a Orlando, iyakarsu addu'a ta waya. Ta ce in raka ta wajen Misis Quiñones mai kula da ma'aikata, ta nemi hutun jinya na mako goma sha biyu, wanda babu albashi amma aikin mutum na nan yana jiransa.

Misis Quiñones ta duba kwamfuta. "'Yata, rabin lokaci ba ya hana ki. Amma doka na son awa dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin cikin shekara. Saura miki sittin."

"Sittin? Misis, ƙafafuna sun san na wuce haka."

"Ƙafafu ba sa buga kati." Ta cire tabarau, sai ta dube ni, ba Nilsa ba. "Aikin da mutum ya yi da gaske ana ƙirga masa. In akwai wadda aka yi aiki da katinta, ta rubuta ta sa hannu. Sai dai ta sani, a dokar kamfani mai katin ake kora." Asabar ɗin nan da Nilsa ta yi da katina sun fi awa sittin.

Da muka fito Nilsa ta zungure ni da gwiwar hannu. "Comay, kada ma ki fara. Wa zai ɗauki tsohuwa irinki aiki?"

"Ke ce dai tsohuwa," na ce. "Zan rubuta."

Na kuwa rubuta. Kwana huɗu takardar na cikin jakata. Mijina na da ciwon sukari, inshorarsa kuma a kan aikina take. Haka nake ta gaya wa kaina, kuma gaskiya ne, sai dai bai rage mini kunya ba. Kullum in kai ƙofar ofishin, in wuce kamar banɗaki na nufa. Nilsa ba ta tambaye ni ba ko sau ɗaya. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a aka sallamo Don Efraín daga asibiti. Ta zo ta miƙa takardar barin aiki da rigar kanti, sannan ta bi layina a teburin biya da ƙunzugun manya da man shafawa a kwando.

"Lahadi ki zo ki taya ni yi masa wanka," ta ce. "Ni kaɗai ba na iya ɗaga shi."

Na je. Har yau ina zuwa duk Lahadi, ni in kama kafaɗu, ita ta kama ƙafafu, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ba.