Kujerar Salma

A gidanmu na Rikkos, a Jos, ɗan fari ba shi da suna a bakin ubansa. Haka muka taso muka tarar. Baffa, mahaifinmu, ya daɗe da barin ruga ya dawo cikin gari yana saye da sayar da shanu a kara, amma kunyar nan ya taho da ita, ko ƙwaya bai zubar a hanya ba. Yayana Muktar, wanda muke kira Hamma, shi ne na fari. Har ya yi gemu, ya zama malamin sakandare, ya yi aure, ban taɓa jin Baffa ya kama sunansa ba. In yana nemansa sai ya dube ni ya ce, "Asta, ina wancan?" Ni auta kuwa, Asta safe, Asta rana, har sunan ya kusa tsufa.

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da matar Hamma, Adda Murjanatu, ta haifi 'yarsu ta fari a gidan iyayenta a Anguwan Rogo, sai Hamma ya ɗauki rigar Baffa ya saka. Ranar suna aka raɗa wa yarinya Salma, shi kuwa ya tsaya a bakin lungu yana gaisawa da mutane kamar wanda aka gayyato. In ya je duba su sai ya zauna a zaure ya ce, "Ya masu jego? Ya baƙuwa?" Ko yatsanta bai taɓa riƙewa ba.

Ni dai na san abin da ke ƙarƙashi. Kullum da yamma sai ya kira ni bayan motarsa, ya waiga hagu da dama, ya ce, "Wayarki akwai caji?" Ba caji yake nema ba, hotunan Salma yake son gani. Ya yi ta buɗa hoto da yatsu biyu har kunnen yarinya ya cika fuskar waya, sannan ya miƙo mini yana ɗaure fuska.

Amma Adda Murja ba ta ganin wannan. A gidansu ma an san kunyar ɗan fari, sai dai ta baka ce kawai. Ita ce ta fari, kuma babanta, wani tela mai fara'a, a kafaɗa yake kai ta makarantar allo. Da arba'in ta matso sai ta zaunar da ni a bakin gado.

"Asta, na gaji da kare yayanki a wurin 'yan'uwana. Har an fara cewa don mace na haifa ne."

Na buɗe baki zan rantse, ta ɗaga mini hannu.

"Ki gaya masa. Ranar da zan koma, ya zo da kujerar jariri ta mota, da keken turawa. Ni nas ce, na ga abin da riƙo a cinya yake jawowa in mota ta ci birki, ba sai na faɗa miki ba. Shi zai zaɓo, shi kuma zai sa ta a ciki da hannunsa. In ba zai iya ba, ɗakin Mama bai yi mini kaɗan ba."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa na ji tsoro.

Ranar Asabar Hamma ya ɗauke ni a mota. Ga shagunan kayan jarirai kusa da mu, ya wuce su duka, sai can cikin unguwar Congo-Russia inda yake ganin ba wanda ya san shi. Shagon wata ce Madam Firisila, doguwar mata mai tabarau a goshi, ta jera kekunan jarirai tun daga bakin ƙofa, sababbi da na gwanjo.

"Sannu oga. Madam ya sauka ne?" ta ce tana kallona.

"Ƙanwata ce," in ji Hamma. "Wani abokina ne ya aiko ni."

"Abokinka ya yi sa'an aboki. Yarinya ne ko yaro?"

"Mace."

Na ɗauka zai nuna na farko ya biya mu gudu. Ina! Madam ta turo wani ɗan kyakkyawan keke mai ƙananan tayoyi, ya tsuguna ya juya tayar da yatsa, ya ce wannan na masu tayil a tsakar gida ne, duwatsun layinmu kwana biyu za su cinye shi. Ya zaɓi mai manyan tayoyin roba. Ya taka birkinsa, ya girgiza, ya tambayi ko rumfar tana da leda, don ruwan Jos ba ya sallama, wani sa'in har da ƙanƙara. Da aka zo kan kujerar mota ya ce ba ya son ta gwanjo, wa ya sani ko ta taɓa shan karo a ƙasar da ta fito. Ya danna soson da babban yatsa, ya shafa gefen da kunci zai taɓa.

"Wannan zai kankare mata fuska," ya ce. "Ta hagu take kwantar da kai."

Madam ta sauko da tabaraunta kan hanci. "Oga, ka san 'yar abokin nan naka sosai."

Hamma ya yi kamar bai ji ba. Ta ɗauko wata 'yar tsana mai girman jariri ta ɗora masa a hannu. "Ba na sayar wa mutum sai ya koyi ɗaurawa. Baya zai kalla, ba gaba ba. Riƙe kai tukuna. Yawwa."

Ni kuwa lokacin nan dabara ta zo mini, irin dabarar da ke kai mutum ta baro. Na kira Adda Murja ta bidiyo, wai in nuna mata kalolin keke, sai na karkata wayar a hankali wajen mijinta. Ga Hamma tsaye, ya tallabi kan 'yar roba da tafin hannu, yana jijjiga ta, ya manta da duniya. Har na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Yi shiru, yi shiru." Na duba waya, na ga Adda Murja ta rufe baki da hannu, idonta yana dariya. Na ce a raina, Asta, yau kin ɗinke aure.

Abin da ba mu sani ba, mijin Madam Firisila, Datong, tsohon abokin cinikin Baffa ne. Duk Kirsimeti Baffa ne ke samo wa mutanen cocinsu sa. Sai ga su sun shigo tare suna hira, Baffa da sandarsa a kafaɗa.

"A'a! Alhaji, wannan ba babban ɗanka ba ne?" in ji Datong. "Ashe an samu jika ba labari! Malam, taka ce?"

Ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum haka ba. Hamma ya saki 'yar tsanar, ta faɗi ƙasa, kanta ya bugi siminti.

"Ba tawa ba ce," ya ce da sauri. "Ta wani abokina ce. Aike ne kawai, ni ba ruwana da ita."

Na duba wayar da ke hannuna. Fuskar Adda Murja tana nan, dariyar ce ba ta nan. Sai ta kashe.

Baffa bai dubi Hamma ba. Ya jingine sandarsa, ya sunkuya da ƙyar saboda gwiwa, ya ɗauki 'yar tsanar, ya kakkaɓe mata ƙura da hannun rigarsa, ya miƙa wa Madam.

"A yi haƙuri, Madam. Ko na roba ne, ba a yarwa."

Ya ɗauki sandarsa ya fita, Datong ya bi shi yana sosa ƙeya. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na riga Hamma shiga. Ya biya, muka loda kaya, Madam ko ragi ba ta bari ya nema ba, ta dai ce, "Ka gaishe da abokin." A mota na gaya masa abin da na yi da waya. Na so ya zage ni, ya fi mini sauƙi. Ya kifa goshi a kan sitiyari kawai. Muna nan saƙon Adda Murja ya shigo: "Ki ce wa yayanki ya kai wa abokinsa."

Kwanakin da suka biyo baya Hamma bai nemi cajin wayata ba. Ya yi ta kiran Adda Murja, ba ta ɗauka. Ya je gidan, aka ce tana wanka, da ya koma aka ce ta yi barci. Kujera tana ɗaure a bayan mota tana kallon baya, ya rufe ta da tsohuwar darduma. Ya rasa wanda zai haɗa ido da shi. Kunyar Baffa ce ta sa ya yi maganar, ga shi kuma Baffan ne ya sunkuya ya ɗauki abin da ya yar.

Ranar arba'in da hantsi, muna shirin fita da Inna, mahaifiyarmu, da gwaggonmu, sai ga Baffa cikin babbar riga.

"Asta, ki ce wa wancan zan bi ku. Ya kamata in yi wa surukai godiya."

Hamma ya dube ni kamar in cece shi. Da me?

Lungun su Adda Murja mota ba ta shiga, a bakin titi muka tsaya. Na tura keken nan mai manyan tayoyi har ƙofar gida, mata suna leƙe ta katanga. A ciki na tarar Adda Murja ko akwati ba ta haɗa ba. Mamanta ce ta tsaya a kanta: "Alhaji da kansa yana zaure, ki ce ba za ki fito ba? Ba a gidan nan ba."

Ta fito, ta durƙusa ta gaida Baffa. Aka yi addu'a, aka fara fitar da kaya. Keken da Hamma ya sha wahalar zaɓa, dubulan da galan na man gyaɗa aka loda masa, ya kuwa haye duwatsun lungun ko gezau. Aka rako mu har mota, mata da maza, har da babanta da tef ɗin awo a wuya.

Gwaggo ta miƙa hannu za ta karɓi Salma. Adda Murja ta kauce. Inna ta miƙa, Adda Murja ta ce, "Inna, a yi haƙuri." Ta taka har gaban Hamma, ta ɗago yarinyar cikin farin shawul, ta tsaya. Akwatinta bai shiga but ɗin mota ba tukuna, ƙanenta yana riƙe da shi, kowa kuma ya san dalili.

Hannuwan Hamma suna gefensa kamar an ɗaure. Ga matarsa a gaba, ga Baffa taku biyu daga shi, ga rabin Anguwan Rogo. Gumi yake yi cikin sanyin Jos. Na ji kunya ta kama ni a madadinsa har na kasa ɗaga kai, na kuma ji haushinsa, na ji tausayinsa, duk a lokaci guda.

Sai Baffa ya yi gyaran murya, ya kama hannun baban Adda Murja.

"Malam, ɗazu na hango wani ɗan akuya a bayan masallacinku. Zo ka nuna mini mai shi."

Mutumin da tun da nake ban taɓa ganin ya taya akuya ba. Ya ja surukinsa suka juya mana baya, suka tafi a hankali, bai waiwayo ba. Inna ma sai ta ga wani abu a cikin jakarta da yake buƙatar nema.

Hamma ya miƙa hannu. Ya tallabi kan yadda Madam Firisila ta koya masa, Salma ta motsa, ta kwantar da kai ta hagu a jikin rigarsa. Ya daɗe a haka.

"Na yi abin kunya, Murja," ya ce. "Tawa ce."

"Wa?"

"Salma."

Ya yaye dardumar, ya sa ta a kujera, ya ɗaura bel, ya zura yatsa ya gwada. Adda Murja ta leƙa ta kafaɗarsa ta ce, "Ya yi sako-sako." Bai yi ba, ni ma na gani, amma ya sake ja. Ta juya ta yi wa ƙanenta alama da kai, ya sa akwati a but.

Su Inna suka hau Keke Napep da sauran kaya. Baffa ya dawo ba akuya, ya shiga gaba, ni da Adda Murja muka sa kujerar a tsakiyarmu. Hamma ya tayar da mota, ya fara hawa titi. Baffa yana kallon waje ta taga, kamar da masu sayar da dankali a bakin hanya yake magana, ya ce:

"Baban Salma, a bi da mu a hankali. Hanyar nan da ramuka."

Ƙafar Hamma ta zame daga kuloc, mota ta yi tsalle ta mutu. Shekara talatin da wani abu yana "wancan" a bakin Baffa. Can sai ya ce, "To, Baffa," da wata murya da ban san shi da ita ba.

Ya sake murɗa makulli. Har muka isa Rikkos ba wanda ya dubi wani a cikinsu, kuma duk wani mai Keke da ke hanyar sai da ya yi mana hon ya wuce mu.