Sifana Mai Lamba Goma

Ran nan Auta ta kira uwarta a waya. Wata shida tana koyon gyaran jirgin sama, yau ne shugabansu zai sa mata hannu a ɗauke ta aiki, sai ga sifana ɗaya ta ɓace daga akwatin kayanta. Ita da bakinta ta je ta faɗa. An hana jirgi tashi, an ce in ba a gan ta ba kafin la'asar, ta tattara nata ya nata.

Uwar, mai ɗinki ce, ta ture keke ta miƙe. A kan sifana? Ƙarfen da bai kai cokali ba? Ta yafa mayafi a baibai ta nufi garejin ƙanenta.

"Ita ma da shegen surutu," in ji kawun, yana goge baƙin mai. "Mu nan in mun haɗa inji ƙusa uku suka ragu, aljihu muke zubawa. Ungo, Yaya, kai musu."

Ya cika mata leda da sifanu. A bakin ƙofar wurin aikin Auta ta yi ta balbalin bala'i har mai gadi ya gaji ya kira shugaban, wani dogo mai sanƙo, Auta na biye da shi kamar ta nutse.

Uwar ta zazzage ledar a gabansa. "Zaɓi! In goma kake so ga su. 'Yata ba ɓarauniya ba ce."

"Inna, don Allah ki tafi gida," in ji Auta.

"Ke, rufe min baki."

"Baba, ba sifana muka rasa ba," in ji mai sanƙo. "Waccan ɗin muke nema. In tana cikin inji jirgi ya tashi da mutum ɗari, ke za ki hau?"

"Ni? Allah ya kiyaye!" Sai ta ƙara harzuƙa. "To yarinyar da ta faɗi gaskiya ita za ka kora? Da ta yi shiru fa?"

"Doka ce."

Ya zaro biro, ya ja bencin mai gadi zai rubuta takardar sallama. Yana zama ya zabura kamar kunama ta harbe shi. Ya kai hannu aljihun baya a hankali. Sifanar ce. Ashe da safe ya ara yana waya, ya soke ta ya manta.

Wayyo, zo ka ga uwar Auta! Ta tafa hannu ta riƙe ƙugu.

"To, Malam Doka, wa zai rubuta taka takardar? Ba ni biron, ajina uku amma zan iya!"

Sanƙon nan ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya karɓi littafin koyon aikin Auta ya sa hannu, ko ɗago kai bai yi ba.

Kafin magariba har mai gyaran takalmi na bakin titi ya san aljihun da aka samu sifanar, na hagu ne.