Alhamis ɗin Malam Badamasi

Ranar Asabar Malam Badamasi ya duba waya, ya ga sunansa ɓaro-ɓaro a jadawalin ruwa: Alhamis. Har ya miƙa wa matarsa Kulu ta sake duba masa, don ido ya fara yi masa gardama, ita ma ta ce Alhamis. Da ranar ta zo ya saɓi fartanya ya nufi gonarsa ta tumatir, can ƙarshen magudana a bayan Bunkure. Me zai gani? Ruwa na kwarara cikin gonar maƙwabcinsa Jaji, shi kuwa Jaji ya naɗe wando yana gyaran kunyoyi, har da waƙa.

"Jaji, ruwan wa kake sha?"

"Nawa mana, Malam. Duba wayarka."

Ya duba. Jaji, Alhamis. Badamasi, Talata. Talatar da ta riga ta wuce! Ya juya wayar, ya goge ta da hannun riga, bai sauya komai ba. Ya garzaya wajen Usaini mai buɗe ƙofar ruwa, Usaini ya ce shi abin da waya ta nuna da safe shi yake bi, ba ya ƙari ba ya ragi.

A da ba a san wannan rikici ba. Allo ne a kafe a bakin ƙofar ruwa, ana rubuta sunaye da alli, wanda ya gama ban ruwa ya jiƙa yatsa ya share sunansa, alamar ya ƙoshi ya bar wa na baya. Malam Badamasi yana alfahari da wannan ɗabi'a ta iyaye, ko a majalisa ba ya gajiya da zancenta. Bana ne ƙungiyar manoma ta mayar da jadawalin cikin manhaja.

Mako na biyu aka maimaita. Asabar ta ce Alhamis, Alhamis ta ce Litinin. Masu inji sukan ja ruwa su rufa wa kansu asiri, shi kuwa ba shi da inji. Kwana goma sha huɗu dashensa bai ga ɗigo ba, ganye ya langaɓe, fure ya fara zuba. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don wannan tumatir shi ne duk nomansa na rani. Ya zargi Jaji, ya zargi Usaini, har ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa.

Ran Juma'a bayan an sauko ya tara dattawa suka ɗunguma ofishin ƙungiya, wajen Nafisat, 'yar sakatare, wadda ta karanci kwamfuta kuma ita ta rubuta manhajar. Ta saurare shi, ta buɗe kwamfuta tana ta dube-dube. Can sai ta dafe kai.

"Baba, laifina ne. Jadawalin nan a fayil guda yake. Lokacin da nake haɗa manhajar ta ƙi ajiye sunaye, sai na buɗe wa kowa izini a kan fayil ɗin, ya karanta, ya rubuta, ya goge. Na ce in na gama zan rufe, na manta."

"Ban gane ba, 'yata. Wa ya sace mini Alhamis?"

"Ya kamata a ce sakatare kaɗai ke iya taɓa shi, ku kuma ku karanta kawai. Yanzu duk mai waya yana iya sauya shi. Kamar rumbu ne aka bar shi ba murfi."

"To na ji. Wane ne ya zura hannu?"

"Shi ne ban sani ba. Abin da na gani, ana goge sunaye. In an goge ɗaya, na ƙasa duk su matso sama da kwana guda. An goge biyu, Alhamis ɗinka ta koma Talata."

Sai tsoho Tambaya, mai gonar farko a bakin ƙofa, ya gyara zama.

"Au, wai share suna? Ai ni kullum in na gama nakan share nawa. Ni da Bilya da Mudassiru."

Malam Badamasi ya miƙe tsaye. "Ku ne kuka kashe mini tumatir? Wa ya aike ku?"

Tambaya ya dube shi da mamaki. "Haba Badamasi, kai ne fa. Makon farko da aka kawo abin nan, a ƙofar masallaci ka nuna mana in an danne suna da yatsa yakan ɓace. Ka ce duk ɗan halak in ya sha ruwa ya share sunansa, yadda iyayenmu suka yi."

Malam Badamasi ya tuna ranar sarai, har da yadda ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana kama musu yatsa. Kunya ta rufe shi, ya koma ya zauna.

Nan take Nafisat ta rufe izinin, ta ba shi haƙuri har da hawaye. Jaji, da ke cikin waɗanda suka zo, ya ce gobe Asabar zai ara masa inji.

Washegari ruwa ya shiga gonar. Malam Badamasi ya bi kunyoyi yana ɗaga dashe ɗaya-ɗaya, fiye da rabi sun bushe ƙarau, ruwan na wucewa ta gindinsu a banza. Da ya gama, hannunsa da kansa ya zaro waya, ya nemo sunansa ya danna. Sunan bai motsa ba.